Ba kowane ciwon maƙogwaro ba ne olsa

Edita assalamu alaikum,

Don Allah ku ɗan yi mana rubutu a shafin lafiya kan wata cuta da ke kama tsofaffi, yawanci waɗanda suka haura 60, likitoci na kiranta da sunan Zenker, wani likitan Jamus. Tsokar da ke bakin hanyar abinci ce take ƙin sakewa lokacin haɗiya, to yau da gobe sai wata 'yar jaka ta ɓullo ta bayan maƙoshi, abinci ya riƙa maƙalewa a ciki har da ƙwayar magani.

Za ka ga dattijo ya ci abinci da rana, da dare yana kwanciya sai abin ya dawo masa baki yadda ya haɗiye shi, ga warin baki ga tari, wuyan har ƙulu-ƙulu yake yi, yana ta ramewa 'ya'yansa kuma suna ta ɗura masa maganin olsa wlh abin haushi. In abincin ya faɗa huhu kuwa nimoniya ce.

Gano ta ba wuya, a ba shi ruwan bariyom ya sha a ɗauki hoton eksire. Aikin ma sau da yawa ta baki ake yi, ba sai an yanka wuya ba.

Naku,
Mai karanta jaridarku kullum