Amsa ga Alhajin da ya tsayar da ni a taron iyayen yara

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

Ranar taron iyaye da malamai ka karɓi makirufo ka tambaye ni a bainar jama'a me ya sa nake koya wa 'yan sakandare kalmar "illuminate", alhali a cewarka kalmar 'yan Illuminati ce. Ka ce ko dai ban san ma'anarta ba, ko kuma na sani da gangan na yi. Shugaban taro ya ce lokaci ya ƙure. To ga amsarka a rubuce, tun da zancen ya riga ya zaga daga Tudun Wada har Ƙofar Doka.

Batun ko na iya Turanci, na bar ka da ɗalibaina. Suna nan Samaru da Kongo, wasunsu ma koyarwa suke yi. Na biyun ne ya hana ni barci, domin abin da ka ɗora mini shi ne ɓata imanin 'ya'yan Musulmi.

Ma'anar kalmar ita ce haskaka. Asalinta Latin ne, daga "lumen", wato haske. In ka shiga kasuwar Sabon Gari ka sayi ƙwan lantarki, duba kwalinsa, za ka ga lamba da wannan "lumen" ɗin, ma'aunin yawan hasken da ƙwan ke bayarwa. Ina fata ba za ka kwance na gidanka ba. Turawa suna amfani da "illuminate" ga fitilar da ta haskaka titi, suna kuma amfani da ita ga malamin da ya warware mas'ala mai duhu, kamar yadda muke cewa ya yi ƙarin haske. A rubutu ta fi yawa. A hira, Bature "light up" zai ce.

Akwai ma'ana ta uku, wadda nake son ka karanta a hankali. Littafin da aka rubuta da hannu aka ƙawata shi da launuka da ruwan zinare, shi ma da wannan kalmar suke siffanta shi. Wato zayyanar da alarammominmu suke yi a Alƙur'anin da suka rubuta da ka, in masanin Ingila zai bayyana ta, wannan kalma zai ɗauko. Haka kuma Madinatul Munawwara, da ita ake yawan fassara laƙabin nata zuwa Turanci. Alhaji, ka je Madina, ni ban samu zuwa ba tukuna. Kai ya kamata ka gaya mini wannan.

Su Illuminati kuwa, wani malamin shari'a mai suna Adam Weishaupt ne ya kafa ƙungiyar a Bavaria ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma ta haramta ta a 1785. Kalmar ta shiga Turanci ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Sunan suka ara don su ce su ne masu haske. In gungun ɓarayi suka sa wa kansu suna Alheri, sai mu daina yi wa juna fatan alheri?

Ba na son zargi, amma na lura tambayar ta taso ne ana gab da zaɓen shugabannin iyayen yara, kuma mai neman kujera yana bukatar a ji muryarsa. Allah ya ba mai rabo. Sai dai ba da mutuncina za a yi yaƙin neman zaɓe ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a taron nan babu wanda ya tambayi yadda yara suke karatun dare. Unguwanninmu sai su kwana biyu ba wuta, yaro yana aikin gida da tocilar wayar uwarsa. A jarrabawar fita sakandare ta 2025 duk mun ga hotunan ɗalibai a wasu jihohi suna rubuta takardar Turanci cikin dare da tocila da kyandir. Wannan bai kai a karɓi makirufo ba. Sai bidiyon wani yaro a TikTok da yake ganin Illuminati a kowane zane mai kusurwa uku.

Ina aji ranar Alhamis bayan La'asar, littattafan yaran suna nan, ka zo ka duba shafi shafi. A gaban mutane ka faɗi maganar, don haka a taro mai zuwa, a gabansu nake so ka janye ta.

Wassalam,
Malamin Turancin ɗanka