Zuwa ga Kabiru, a kan baƙin akwatin nan

Kano, daren Talata

Kabiru, assalamu alaikum.

Wato idan ban rubuto ba kai ma shikenan, sai ka yi ɗif? Wata uku ke nan rabona da doguwar magana daga gare ka, sai gutsattsarin saƙon murya, shi ma rabinsa ƙarar jirgin ƙasan Kwalalamfur ce. Ya karatu, ya ruwan saman da ka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan hunturu ya kankama, da safe hazo har ɓoye Dala yake yi. Hajiya tana gaishe ka, ta ce a tuna maka man zafin ƙafarta.

Saƙon da ka ba Auwalu ya iso. Wai na kwashe kuɗin adashena na zuba a baƙin ƙarfe, alhali filogin ɗinsa, wato manhajar da ke yin aikinsa, yana zaune a kwamfutata. Ka iya aike, amma ba ka iya kira ba! To zauna ka ji.

Gaskiya ne na saya. Kwamfiresar murya ce, mai danne murya idan ta yi ƙarfi da yawa, kwafin samfurin 1176, ba ta asali ba, domin kuɗin ta asalin sai dai mu ji a bakin manya. Ta hannu ce, daga kasuwar Alaba ta Legas aka auno mini ita a motar dare. Ka san Ɗanlami da bin ƙwaƙƙwafi, kafin in jona sai da ya juya bayanta ya haska da fitilar waya, sai ga ɗan makunnin wuta a kan 115, irin wutar Amurka, mu kuwa tamu 230 ce. Da na yi gaggawa da tuni hayaƙi ya tashi. Har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Ranar Alhamis sha'irin nan na Yakasai ya zo, wanda ya sa ka zufa lokacin muna ɗakin Oga Bala a Zoo Road. Ka san yadda yake: zai fara baiti a ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, da ya zo ambaton Manzon Allah (SAW) sai shauƙi ya ɗebe shi ya ware murya gaba ɗaya, jar wuta ta kama, sauti ya fashe. A da sai in rage makirufo sosai, sai kuma ya riƙa cewa ba ya jin kansa, mu yi ta maimaici har muryar ta dushe. Wannan karon na bi da muryarsa ta cikin akwatin kafin ta shiga kwamfuta. Na danna maɓallin 4 na ƙarfin matsewa, na murɗa mashigar sauti a hankali ina kallon allura. Yana raɗa tana tsaye cak. Yana ɗagawa ta kwanta hagu wajen desibel shida, ta dawo da kanta kafin ya ja numfashi. Bawan Allah nan ya rufe ido ya yi baiti goma sha biyu bai tsaya ba. Da ya gama ya zare abin kunne ya ce, "Malam Sadiƙu, yau na ji muryata." 'Yan amshinsa ma shiru suka yi na ɗan lokaci. Wallahi Kabiru sai da na ji ƙwalla.

Na san abin da za ka ce, domin na san bakinka. Za ka ce ai da bit 24 ake ɗauka yanzu, a bar wa murya sarari, a matse ta daga baya da filogin. Haka ne, ban musa ba. Amma duk filogin ɗin duniya ba ya taɓa sauti sai bayan ya riga ya zama lambobi a kwamfuta. Abin da ya faru tsakanin bakin mawaƙi da sawunkad, mai mayar da sauti lambobi, wannan aikin waya ne da taransifoma, kuma idan ya fashe a nan ya fashe ke nan. Sannan ga jinkiri. Idan ka loda wa Cubase, manhajarmu ta ɗaukar sauti, filogin ka ce mawaƙi ya saurari kansa ta ciki, a irin kwamfutocinmu muryar takan dawo masa a makare, ko da kaɗan ne, sai ka ga ya fara tuntuɓe da amshi. Akwatin nan ba ruwansa da wannan, yana faɗa yana ji. Mutumin da ya ji muryarsa a cike a kunnensa kuwa ba ya yin waƙa irin ta wanda ke laluben kansa.

Shi ya sa manyan situdiyo suka kasa rabuwa da tsofaffin nan. Bill Putnam ya fito da 1176 tun 1967, Neve 1073 mai ɗaga muryar makirufo ta 1970 ce, kwamfiresar LA-2A kuma ta girme su, ita da haske ma take aiki: murya na ƙaruwa wani ɗan faifai a cikinta ya ƙara haske, sai ta sassauta. Fasahar filogin ta VST da muke taƙama da ita sai 1996 kamfanin Steinberg ya kawo ta. Ka lura da fuskokin filogin ɗin da ka fi so, ai hoton waɗannan akwatuna ne aka zana, har da sukurorinsu.

Af, Oga Bala ya tashi daga Zoo Road, kuɗin haya ya kore shi. Yana Hotoro yanzu a wani shago mai ƙofa ɗaya, da tsohuwar Yamaha PSR ɗinsa da ya rantse ba zai sayar ba. Na je gaishe shi, ya tambaye ka sau biyu, ya ce har yau kai ne ka ɓatar masa da igiyar makirufo mai ja. Ka kira shi don Allah, jikin nasa sai a hankali.

In koma. Ba zan ɓoye maka ba, mun yi gwaji ni da Auwalu. Ya haɗa waƙa ɗaya kashi biyu, ɗaya ta akwati ɗaya ta filogin, ya daidaita ƙarfinsu, ya sa na juya baya. Sau shida ya kunna, uku kawai na canka. Da kiɗa ya hau kai, ga kalangu ga fiyano, bambancin ya zama siriri ƙwarai. Don haka wajen haɗa sauti ina nan a kwamfuta. Akwati ɗaya murya ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, filogin kuwa sai ka buɗe talatin. Waƙar minti biyar sai ka zauna minti biyar tana bi ta ciki. Idan furodusa ya dawo bayan sati ya ce a ɗan ɗaga muryar yarinyar, a kwamfuta buɗe fayil ne kawai, a akwati kuwa sai ka nemo hoton da ka ɗauka na inda kowane abin murɗawa ya tsaya. Wayata ta cika da irin hotunan nan.

Abin da ban zata ba shi ne yadda kwamfiresar ta canza mini hannu. Abubuwan murɗawa huɗu ne kacal. Ka murɗa, ka saurara, ka yanke hukunci, an wuce wurin. Da can ina iya kwana ina sauya filogin bakwai a kan murya ɗaya, idona ya gaji, kunnena ya toshe. Sannan ita ba ta neman sabunta lasisi, ba ta ƙin buɗewa don an sauya Windows, kuma ranar da na matsu zan iya ɗaukarta in sayar. Masu kawo aiki ma suna lura. Wani Alhaji mai shirya fim ya tsaya yana kallon allurar nan tana rawa, ko tayi bai yi ba ya biya. Wannan bai yi mini daɗi sosai ba, na fi so a biya ni don abin da kunne ya ji, amma na karɓa.

Wahalarta a garin nan ita ce wuta da ƙura. Satin farko, da an ɗauke wuta mun tayar da janareta sai wani gurnani ya shigo ƙasan murya, uuuun, ba ya tsayawa. Ɗanlami ya ce ginin ba shi da waya mai sauke wuta ƙasa. Ya haƙa rami a bayan situdiyo, ya kafa sandar tagulla, ya zuba gawayi da gishiri, ya ja waya zuwa soket. Gurnanin ya ragu sosai, sauran kuma ya tafi da na mayar da kayan duka kan inbata. Kullum na tashi sai na lulluɓe ta da tsohon zanen Hajiya saboda ƙurar hunturu, in ba haka ba abin murɗawa ya fara ƙarat-ƙarat. Zafin Afrilu nake tunani yanzu, ban san yadda za mu ƙare ba idan babu na'urar sanyi.

Auwalu dai an sa rana, bayan ƙaramar Sallah, kuma ba wadda kake zato ba ce. Ya hana ni faɗa, ya ce da bakinsa zai gaya maka, saboda haka ka neme shi. An ce ankon shadda ce ruwan toka, in ajiye maka yadi biyar ko ka ƙara ƙiba?

Idan ka shiga shagunan kayan sauti na can, duba mini kuɗin kwafin 1073 na hannu, mai layi ɗaya ya isa. Ka tabbata ka juya bayansa ka karanta wutar kafin ka yi ciniki. Zan turo maka baitin sha'irin gobe in sha Allahu, ka sa abin kunne mai kyau, kada ka ji shi a lasifikar waya.

Ka gaida Bashir da mutanen ɗakinku.

Naka,
Sadiƙ