Wasiƙa daga Garwa zuwa ga aminina

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Faransa? Mu nan Garwa zafi ya kankama, Binuwai ta ja baya sai yashi.

Ka tambaye ni abin da ya zaunar da ni wajen yara masu ciwon gaɓɓai, alhali abokan karatunmu na Yawunde sun kama tiyata suna ta gina benaye, ka kuma ce in taho Faransa. To, da za ka ga yadda suke isowa, da ba ka tambaya ba. Yarinya ta tashi da safe gwiwa a kumbure, yatsu a ƙage, ba ta iya riƙe ludayin koko sai rana ta ɗaga. Kaka ta ce sanyi ne, maƙwabta su ce sammu, a ƙaramin asibiti a zargi sikila. Kafin a kawo ta an yi tsaga, an kuma ɗura mata maganin deksametazon na kasuwa har kumatu sun cika, iyaye na murna wai ta yi ƙiba. Alhali in kumburi ya haura mako 6 a yaron da bai kai shekara 16 ba, kuma aka rasa wani dalili, garkuwar jikinsa ce ke cin gaɓɓansa. Muna ba da metotreksat sau ɗaya a mako. Nakan ce wa uwa ranar Juma'a kaɗai, in sa ta maimaita, don shan sa kullum kan yi kisa. Ido ma dole a riƙa duba shi, ciwon na iya cin sa ba ja ba zafi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Yaro ya kasa haɗiya, a kai shi wurin wanzami a cire beli. Bayan mako 2 ko 3 ciwo ya riƙa tsalle daga gwiwa zuwa idon sawu, a ƙarshe ya sauka a zuciya. Da an ba shi penisilin tun farko, da an wuce wurin. Yanzu kuwa sai allurar penisilin duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru, ga ta da zafin tsiya. Nakan zauna in yi ta lallashin uba kada ya daina kawo shi don ya ga yaron ya koma buga ƙwallo. In zuciyar ta lalace sai tiyata a kudu: mota zuwa Ngaundere, a kwana a jirgin ƙasa, ga kuɗin da ko an sayar da shanu ba lalle su isa ba.

Don haka maganar in taho can, a bar ta tukuna. In za ka zo hutun Sallah ka sanar da ni da wuri, akwai littattafan da nake so ka riƙo mini. Hajiya na gaishe ka, ta ce ka yi mata nisa. Ka gaida uwargida da yara.

Naka amini, daga Garwa.