Na koya wa ƙanwar mijina sana'a, yanzu ta ce kayan matattu nake sa wa yara a ka

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da duk masu sauraron wannan fili, Allah Ya ƙara basira. Don Allah ki sakaya sunana da unguwarmu, domin a gidanmu ana jin shirin nan, har ita wadda zan yi magana a kanta.

Anti, tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba. An tozarta ni a gidan suna, a gaban mata cike da tsakar gida, kuma har yanzu babu wanda ya ce min ko sannu. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku, muna zaune gida ɗaya da surukata da sauran dangin maigidana. Sana'ata yin kayan adon gashi na yara mata da amare, irin su ribom, abin kama gashi, ƙaramin mataji na ado, da fin ɗin mayafi. Da hannuna nake yin su, ba sarowa nake yi ba.

Lokacin kullen korona a 2020 na fara, muna zaune ba shiga ba fita, na riƙa kallon yadda ake yi a YouTube. Da yumɓun folima ake yi, wani yumɓu ne na roba mai launi-launi wanda ba ya bushewa da iska ko da zai shekara a ajiye, sai an gasa shi. Wanda na fi amfani da shi Fimo ne, ɗan ƙasar Jamus, ɗan ƙunshi ɗaya giram 57 ne kawai, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya zama abin da ya zama. Sai an murza shi ya yi laushi, a bi da shi ta injin taliya ya yi fale-fale, sannan a yanka fure ko ganye ko malam-buɗe-littafi. Injin ma na daban na saya, ban taɓa haɗa shi da na abinci ba, ki riƙe wannan domin ita ma maganar an juya ta. Gasawar kuma minti 30 ce a zafin digiri 110, da ma'aunin zafi a cikin oben ɗin, domin in zafi ya gaza abin zai karye a hannu, in ya yi yawa ya ƙone ya yi hayaƙi mai wari. Ga wutar lantarkin da ba ta da tabbas, ga ƙurar hunturu da ke manne wa farin yumɓu sai na rufe tagogi na wanke hannu sau ba adadi. Ban taɓa kai wa kowa ƙorafi ba.

To abin da ya sa nawa ya fita daban shi ne kayan da nake haɗawa da su. Ina zuwa Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, in an kwance dila ina zaɓar rigunan da suka mutu amma maɓallansu na da kyau, na gilashi da na ƙarfe, wasu kamar lu'ulu'u. Ina sayen tsinkakkun sarƙoƙi da ɗan kunne wari guda wanda babu mai so. Ƙyallayen leshi kuma teloli ke tara min. In na dawo gida sai na cire su ɗaya bayan ɗaya, na jiƙa a ruwan ɗumi da garin sabulu da Dettol, na bi kowane rami da tsohon buroshi, na shanya a faranti a rana. Wallahi Anti sun fi na shago tsafta, wanda ba ki san hannu nawa ya taɓa ba.

Na manta ban gaya miki wace ce ba. Ƙanwar maigidana ce, aurenta ya mutu ta dawo gida da yarinya ɗaya. Ni na ji tausayinta. Kullum tana ɗakina tana "matar Yaya, wannan ya ake yi, matar Yaya, a ina kike samo wancan". Ban ɓoye mata komai ba, ko sisi ban karɓa ba. Na nuna mata yadda ake goge bayan ƙarfen abin kama gashin da sanfefa kafin a sa gam, da yadda ake rufe shi da siririn yumɓu a sake gasawa don kada furen ya ɓalle. Na nuna mata cewa maɓallin roba ba ya shiga oben, narkewa yake yi, sai an gama gasawa ake manna shi. Har Wambai na kai ta, na haɗa ta da mutumin da ke ware min kaya. Ashe ido take sa min tana ƙirga cinikina. Na yi mata rana ta yi min dare.

Kafin Ƙaramar Sallah sai na ga hotunan aikina a sitatus ɗinta na WhatsApp, ta rubuta wai a yi oda a wajenta, kuma da rabin kuɗina. Da na yi mata magana cikin lalama sai ta ce ai duk gida ɗaya ne, arziƙin na kowa ne. Na haƙura saboda Hajiya, surukata. Amma nata aikin ba irin nawa ba ne. Yumɓun da take saya ba shi da ko suna a jiki, kuma a tukunya da yashi take gasawa yadda ake gasa kek, ba ma'auni ba komai. Sannan ta shafe shi da jan farce don ya yi sheƙi, alhali na sha gaya mata jan farce ba ya jituwa da wannan yumɓu, daga baya danƙo yake yi ya kama gashi. Haka kuwa aka yi. Yara suka sa ranar Sallah, wasu suka karye kafin la'asar, wata yarinya sai da aka sa almakashi aka yanke mata gashi. Iyaye da suka zo mata da faɗa sai ta ce ai matar yayanta ce ta yi, ita dillanci kawai take yi.

Wannan ma ban ji shi ba sai ranar Asabar ɗin. Muna zaune ana cin abinci wata mata ta taso, ta zazzage min ribom guda huɗu a cinya, ta ce in riƙe tsiyata. Biyu daga ciki ma ba nawa ba ne, ina gani na gane. Ta ce an gaya mata daga jikin rigunan matattun Turawa nake ciro maɓallai, shi ya sa 'yarta take firgita da dare tun da ta fara sawa. Ta ce wai har a injin da nake murza wa yara taliya nake murza roba. Na juya na dubi ƙanwar mijina, tana zaune tana danna waya kamar ba ta wurin. Wa ya san ina zuwa Wambai in ba ita ba? Wa ya san da maganar inji? Kuma matar nan da ke min ihu, rigar sanyin da ke jikin ɗanta na goye gwanjo ce, na san gwanjo in na gan shi. Rabin garin nan da gwanjo muke fita hunturu, jakar makaranta da takalmi da labule, ba wanda ya taɓa firgita sai a kan maɓallina.

Gaskiya ne ban taɓa rubutawa a talla cewa maɓallan na hannu ba ne. Amma ba wanda ya tambaye ni, kuma ban taɓa cewa sababbi ne ba. Abin da nake sayarwa aikin hannuna ne, kuma sabo ne fil. Wata maƙwabciyata ta ce wai wannan ma algus ne, tunda na san wasu ba za su saya ba in sun sani. Maganar ta tsaya min a rai, domin ni ina tsoron haƙƙin mutane, ba irin wasu ba.

Da muka dawo gida na zaci Hajiya za ta kira mu ta bi ba'asi. Sai ni kaɗai ta kira. Ta ce 'yarta marainiya ce kuma bazawara, in bar ta ta ci abinci, kuma me matar aure take nema a cikin 'yan gwanjo. Maigidana da ya dawo ya ji daga bakin mahaifiyarsa kafin ya ji nawa, ya ce daga yau babu ni babu Wambai, in kuma tattara kayan nan kafin a raba masa kan gida. Mutumin da kuɗin ribom ɗin nan ya sha biya wa 'ya'yansa kuɗin Islamiyya. Ko a fuska bai nuna ya tuna ba.

Ga kuma wata matsalar. Akwai bikin da aka ba ni aikin kayan gashin ƙawayen amarya da yaran gidan, an ba ni kafin alƙalami, na riga na zuba kuɗin a yumɓu da ƙarafa, na gasa fiye da rabi. Jiya uwar amarya ta turo min saƙo wai ta ji labari, ta fasa, in mayar mata da kuɗinta. Ina zan samo su? Kuma ina da yaƙinin aikin wajen wa zai koma.

Anti, mahaifina bai san komai ba, yana da hawan jini, kuma in ya ji na san zai ce in taho gida. Yayata ta ce in yi rikodin murya in tura duk guruf ɗin da muke ciki, in fayyace wanda ya yi ribom ɗin da suka karye, da hotuna, kowa ya san gaskiya. Na yi rikodin ɗin ma, yana cikin wayata, ban dai tura ba. In na tura Hajiya ba za ta yafe min ba, in na yi shiru kuma sunan da na yi shekaru ina ginawa ya tafi, ita kuma ta ci gaba da cin kasuwa da hotunana. Don Allah ki tambayar min malamai maganar algus ɗin nan. Sannan ki gaya min, mijin da aka ci mutuncin matarsa a bainar jama'a bai ko tambayi wa ya jawo ba, zama da shi a cikin wannan gida zai yiwu kuwa? Ko in sa a kira min kawuna ya zo a zauna?

Ina sauraronki ranar shiri, Allah Ya saka da alheri.

Taki,
wata baiwar Allah daga Kano