Ba Ku Tambayi Direba Ko Ɗaya Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirin rediyon da kuka yi kan gyaran babbar hanyar kan dutse ya ɓata mini rai, kuma gara in faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba. Baƙin naku sun cinye lokacinsu wajen lissafin arziki: amfanin gona zai isa kasuwa kafin ya lalace, masu jari za su shigo, matasa za su samu aiki. Allah Ya sa haka. Amma tun daga sallama har kuka rufe shirin, babu wanda ya yi maganar gangara, babu wanda ya yi maganar birki. Injiniya kun kawo, masanin tattalin arziki kun kawo, mu da muke kwana a kan hanyar ko ɗaya ba ku nema ba.

Ni direban tirela ne, a kan sitiyari na yi furfura. Hawan dutse wahala ce kawai, injin ya yi ta nishi, ka bi a hankali ka isa. Saukowa ita ce ke cin rai. Mota mai cikakken lodi idan ta kama doguwar gangara, nauyinta ne ke tura ta. Direban da bai ƙware ba sai ya ɗora ƙafa a kan birki ya yi ta dannawa, ƙarfen ya ɗauki zafi, ƙauri ya fara tashi, can sai ya taka ya ji motar ba ta ko gezau ba. Birki ya shanye ke nan. Wani kuma yawan famfon birki ne zai zuƙe masa iskar tankin da birkin ke aiki da ita. Shi ya sa iyayen gidanmu suka koya mana tun muna yaran mota cewa giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ka bar injin ya riƙe motar.

To ga abin da baƙinku ba su sani ba. Ranar da aka shimfiɗa sabuwar kwalta a kan gangara, ranar gudu ke ƙaruwa. Ramukan nan da kowa ke tsine wa, su ne ke tilasta wa mutane rage wuta. Na ga wannan da idona a wata gangara da aka gyara ta yi sumul. Wata babbar mota mai siminti ta wuce ni tana hayaƙi ta ƙafafun baya, direban yana ta zuba oda, yaron motar ya leƙo da waigin tare taya a hannu, ya rasa yadda zai yi da shi don gudun ya wuce a dira. Kwanar farko da ta biyu suka sha lafiya, a ta uku motar ta tafi kwazazzabo. Da muka gangara da ƙafa muka iske buhunan sun fashe, ƙura ta rufe ciyawa fari fat, takalmin yaron ƙafa ɗaya yana rataye a jikin reshe. Babu shinge a wannan kwana. Babu ko allon gargaɗi a saman gangarar.

Da an yi hanyar tsira a wurin, da mutanen nan biyu suna gidajensu. Abin ba wani sihiri ba ne: ɗan reshen hanya ake cirewa a gefen gangara, a cika shi da tsakuwa mai zurfi, motar da birkinta ya shanye ta faɗa ciki tayoyinta su nutse ta tsaya. A saman gangara kuma a yi fili inda manyan motoci za su tsaya a duba birki, a ajiye sikeli a kama masu ɗora lodin da ya wuce ƙa'ida. A wajen hawa a ƙara layi na uku, don ƙananan motoci su daina kasadar wuce mu a kan kwana cikin hazo.

Ku dubi Bolibiya. Tsohuwar hanyar Yungas da ta tashi daga La Paz, saboda yawan rayukan da ta ci ake kiranta hanyar mutuwa. Ƙuncinta ya kai ga direbobi suna bin hannun hagu a kanta don mai saukowa ya riƙa ganin tayarsa a bakin rami. Sabuwar hanya suka fitar dungum, da gadoji da shinge da magudanan ruwa, aka buɗe ta a 2006. Tsohuwar yanzu galibi masu yawon buɗe ido ne ke binta a kan keke.

Shi kansa arzikin da ake ta kwarzantawa, sai hanya tana buɗe ake cinsa. A watan Janairun 2010 dutse ya zafto a Attabad ta ƙasar Pakistan, ya toshe kogin Hunza, ruwa ya shanye wani yanki na hanyar Karakoram da ta haɗa su da Sin. Da kwalekwale aka riƙa tsallakar da kaya har 2015, lokacin da aka buɗe ramukan da aka haƙa cikin dutse. Ban ce lambatu zai tare irin wannan ba. Amma ƙananan zaftarewar da ke tsare mu kowace damina, toshewar kwalbati ce ke jawo yawancinsu, ruwa ya rasa hanya ya bi ƙarƙashin kwalta ya cinye ta. Wa zai riƙa yashe su bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa? Mai gabatarwarku bai tambaya ba, sai "madalla, madalla" yake ta yi.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin murya. Wanda ke saurare a cikin mota ga ƙarar injin ga ganga, rabin maganar ba ya ji. Kuma masu bugo waya da kuke katsewa da zarar sun gama gaisuwa, kuɗin katinsu fa suka sa.

Idan za ku maimaita shirin, ku je gindin kowace doguwar gangara da asuba, za ku same mu muna duba taya. Ku zo da na'urar ɗaukar murya.

Naka mai saurare,
Wani tsohon direban tirela