Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya Na Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayen ƙungiya, ranka ya daɗe shugaba, da 'yan uwa mambobi.

Taron wata-wata na ƙungiyarmu ta masu shagunan manyan riguna a Zariya ya gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Aikin da ya ci mana shekara shi ne ƙudurin babban taron bara, cewa rigar da aka ɗinka da zalunci ba za ta kwana a shagon ɗayanmu ba. Kowa a nan ya san hannayen da babbar riga ke bi kafin ta iso Sabon Gari ko Tudun Wada. Mai zane ya zana, dillaliya ta shiga da ita gidajen cikin Birni, mace ta yi makonni a duƙe kan ɗinkin aska takwas, sannan a kai wa masu bugu. Mu dillali kawai muke biya, ragowar hanyar kuwa ba mu taɓa tambaya ba.

Taron da muka shirya bayan babbar sallah shi ne abin alfaharin bana, kuma duk wanda ya halarta shaida ne. Zauren ya cika har aka shimfiɗa tabarmi a waje. Masu bugu sun zo da yaransu, dillalai sun zo, mata masu ɗinki suka zauna a ɓangarensu. Ban taɓa ganin mai shago da wadda ke ɗinka masa kaya a majalisa ɗaya ba sai ranar.

Lauyan da ya zo mana kyauta, Allah ya saka masa, ya nuna cewa aikin tilas ba sai an ɗaure mutum da sarƙa ba. Riƙe wa ma'aikaci lada, ɗaure shi da bashin da ba ya ƙarewa, ƙwace masa takardu, hana shi barin aiki da barazana, duk suna cikin alamomin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa, kuma ƙiyasinta na 2021 ya ce mutum miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali a duniya. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas, haka ma sashe na 73 na Dokar Ƙwadago, ga kuma hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Wani cikinmu ya tambaya game da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Amsar ita ce dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma hau kan aikin da ake biya riga-riga ba. Ke nan babu abin da zai kare mai ɗinki daga ƙaramin lada sai tsoron Allah na mai ba da aiki. Nan ne wani malami da ya halarta ya karɓa da hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.

Amma bayanin wata dattijuwa mai ɗinki shi ya girgiza zauren. Ana ba ta adibas gab da sallah lokacin da take cikin matsi, sai a cire kuɗin zare, a cire na tabon da ba ta san lokacin da ya hau rigar ba, a ce saura kaza a kanta. Ba ta isa ta karɓi aikin wani ba sai ta biya, kuma babu inda aka rubuta. Jikarta ke taya ta da dare, da safe ta kasa zuwa makaranta. A ganina wannan shi ne ainihin abin da muke yaƙa, kuma a shagunanmu ake rataye irin waɗannan riguna.

Kafin a tashi aka amince: duk adibas a rubuta shi a littafi gaban shaida, a biya lada ranar da aka karɓi riga, yaron shago a yanka masa wa'adin koyo da sallama tun farko gaban waliyyinsa, kuma kada a ga yaro a wajen bugu lokacin makaranta.

Na ji ana ƙorafi cewa rajistar dillalai ba ta kammala ba. Gaskiya ne, ga kuma dalili. Kwamiti ya bi shago-shago da fom, amma da yawa sun ƙi faɗin sunan dillalinsu don tsoron kada wani ya ƙwace musu shi, duk da an yi alkawarin littafin ba zai bar hannun shugaba ba. Ziyarar gidaje kuwa maza ba sa shiga, sai mata, kuma mata ƙalilan da ke cikin ƙungiya suna da nasu shagunan. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin Keke Napep daga Samaru zuwa Ƙofar Doka ba na wasa ba ne, kuma daga aljihunsu suka riƙa biya har suka gaji.

Asusun fansar masu ɗinki daga tsohon bashi ma bai soma ba, saboda babu abin zubawa. Fiye da rabin mambobi suna da bashin kuɗin wata, wasu tun bara. An kira su, an tura saƙo ta WhatsApp, an je har shago, amsa ɗaya ce: kasuwa babu. Waɗanda suka biya ma a kasuwar nan suke. Abin da ya fi ciwo, masu yawan tambayar ina aka kwana su ne ba a gani a taro, kuma kuɗin zaure da ruwan da aka sha ranar taron wasu 'yan tsiraru ne suka haɗa.

Ma'aji zai karɓi bashin kuɗin wata har zuwa ranar babban taro, kuma bisa tsarin ƙungiya wanda bai biya ba ba zai kaɗa ƙuri'a ba. Kowa ya zo da fom ɗinsa na dillalai a cike. Muna kuma neman mata da za su shiga kwamitin ziyara, a ba da suna wajen shugaba.

Wassalam,
Sakatare