A koya wa ɗalibai zaƙulo bayani a littafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan ɗalibai masu rubuta kundin digiri. Ƙanwata, da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, takan ɗauko maƙala mai shafi 30 ta bi ta tun daga farko, biro a hannu, kowane layi sai ta ja masa zane, har barci ya kwashe ta.

Na ce mata, ƙanwata, rubuta tambayarki tukuna. Karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, tsallaka zuwa kammalawa, sannan kanun sassa. Jimlar farko a sakin layi galibi ita ke ɗauke da kan magana. Littafi kuwa, a fara da fihirisar baya, wato jerin kalmomi da lambobin shafinsu a ƙarshen littafi.

Ina roƙon malaman jami'a su ware wa wannan dabara darasi guda tun a aji ɗaya.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.